ZANCEN ZAURE: Tausa, Ruwan Zafi, Da Kukan Maijego

 Da niyyarmu a wannan fitowa mu yi zancen kuɗin haya ne, gama an dame mu da shi, amma wata magana ta zo ta sha gabansa. Magana ce ta cikin gida, irin wadda maza ba su saba yi a zaure ba. Sai mu roƙi dattawa su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, don kuwa kuɗin da a ke kashewa a kanta daga aljihun maza ya ke fitowa, shawarar da a ke yankewa kuma a bakinsu ta ke.

Kwanan baya wani yaro ɗan kasuwa, mai kawo albasa daga Bawku zuwa nan Kumasi, ya tsaida mu a ƙofar masallaci bayan sallar lisha. Ba za mu faɗi sunansa ba, da wannan sharaɗi ya yarda a buga labarin. Matarsa ta yi haihuwar fari, ɗa namiji, ta sauka lafiya. Aka yi suna, aka yanka rago, aka ci aka sha, baƙi suka watse. Da aka yi kamar mako uku sai ya lura matar ta sake. Ba ta barci, ko da jariri ya yi barci. A kawo mata abinci ta ture. Ya shigo ɗaki ya tarar da ita tana kuka, ya tambaye ta abin da aka yi mata, ta ce ba kome. In yaron ya tsala kuka sai ta zuba masa ido kurum, sai maƙwabciya ta shigo ta ɗauka ta ɗora mata a cinya. Rannan kuwa ta ce masa ita ba uwar kirki ba ce, da ma a ba wata yaron.

Bawan Allah bai zauna ba. Ya karɓo rubutu, aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Ya sayo zuma da habbatus sauda. Ya sayi wata kwalba a tashar mota wurin masu tallar magani da lasifika, waɗanda maganinsu guda ke warkar da cuta arba'in. Daga baya wata ta ba shi shawara ya kirawo wata tsohuwa a unguwarsu mai yi wa masu jego tausa da man kaɗe. To, wannan kam ya ga alamar amfaninta. Ran da duk tsohuwar ta zo, matar ta kan yi barci, har ta sha ɗan kunu. Amma kashegari sai abu ya koma yadda ya ke. Ya ce kuɗin da ya kashe ya kai ribar tafiya biyu. Sa'an nan ya ce, "Baba, in ƙara wa tsohuwar nan kuɗi ta riƙa zuwa kullum, ko kuwa in nemi wani malami?"

Ba mu ba shi amsa a daren ba, don ba mu so mu yi masa ƙarya. Muka nemi wata 'yarmu ta Zango mai aikin nas, muka kuma je gun wata ungozoma da ta daɗe tana karɓar haihuwa, muka haɗa abin da suka gaya mana da abin da ke rubuce. Ga abin da muka samo.

Abin da ke samun zuciyar mace bayan haihuwa iri uku ne, kuma wajibi ne maigida ya san bambancinsu, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Na fari mai sauƙi ne, yana samun mata da yawa ƙwarai. Kwana uku ko huɗu da haihuwa, daidai lokacin da nono ke kawowa, sai mace ta ji kuka na zo mata ba dalili, abu kaɗan ya ɓata mata rai. Dalilinsa kuwa, akwai wasu sinadarai da jiki ke tarawa lokacin ciki, da mabiyiya ta fita sai su faɗi gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki, ga gajiya, ga rashin barci. Wannan ya kan wuce da kansa kafin mako biyu. Hutu da lallashi sun ishe shi.

Na biyu shi ne wanda ya sami matar ɗan albasa, watau ciwon baƙin ciki na jego. Shi ba ya wucewa a mako biyu. Ya kan fara cikin makonnin farko, wani lokaci kuma sai bayan wata uku ko huɗu, in kuwa aka bar shi ya kan yi watanni, har ya kai shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mata 100 da suka haihu kimanin 13 su kan sami ciwon zuciya irin wannan, a ƙasashe masu tasowa kuwa lissafin ya kusa 20. Dattawa, ku ƙidaya sunan da muka je a Zango bara, ku yi wannan lissafi da kanku.

Na uku shi ne mai tsanani, amma bai cika faruwa ba, mace ɗaya ko biyu cikin 1,000. Ya kan zo farat ɗaya, galibi cikin mako biyu na fari. Mace ta rikice, ta riƙa jin muryoyi, ta riƙa ganin abin da babu, ta ƙi barci sam, ta ce an sauya mata ɗa. Mu a nan mu kan ce iska ce. Ko me mutum ya kira shi, wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba, kada kuma a bar ta ita kaɗai da jariri ko na minti ɗaya.

To, mu komo ga tausa, tun da ita ce tambayar yaron. Tausa tana da amfani, ba mu musa ba. Mace ta ɗauki ciki wata tara, ta yi naƙuda, ga goyo, ga sunkuyo wajen ba da nono, lalle bayanta da kafaɗunta su ɗaure. Hannu mai ɗumi da man kaɗe ya kan saki jijiya, numfashi ya daidaita, barci ya zo. Barci kuwa babban abu ne ga wannan ciwo, don rashinsa na ƙara shi. Turawa ma sun gwada. A Amurka akwai wata cibiya da aka kafa a Jami'ar Miyami a 1992 don binciken amfanin taɓa jiki kawai, sun kuwa ga tausa na rage fargaba da damuwa. A Landan kuma, a 2001, an buga labarin wani ɗan gwaji inda aka koya wa iyaye mata masu wannan ciwo su riƙa yi wa jariransu tausa, aka ga shaƙuwa ta ƙaru tsakanin uwa da ɗa. Abin dariya, sai da aka buɗe aji kafin a koya musu abin da kakanninmu ke yi kowace safiya bayan wankan jariri. Amma fa gwaje-gwajen nan ƙanana ne, sauƙin da su ke nunawa kuma galibi na ɗan lokaci ne. Daidai abin da ɗan albasa ya gani da idonsa: yau sauƙi, gobe a koma.

Da muka gaya wa ungozoma wannan, sai ta yi murmushi ta ce, "Malam, ai ba man kaɗen ba ne kaɗai." Ta ce in tsohuwa ta shiga ɗakin maijego ta kan yi sa'a biyu. Cikin sa'a biyun nan wani ne ke riƙe da jariri. Akwai mai tambayarta ina ke ciwo. Akwai mai jin maganarta ba ya ce mata ta yi shiru. Mun daɗe muna juya wannan magana, mun kuwa ga nan ne gizo ke saƙar.

Ku tuna yadda jego ya ke a da. Mace in cikin fari ya tsufa a kan kai ta gidan iyayenta goyon ciki. In ta haihu, kwana arba'in ba ta ɗora tukunya, ba ta ɗebo ruwa, ba ta shara. Safe da yamma a dafa ruwa da ganye a yi mata wanka, a dama kunu, a kawo ƙauri da yaji. Da dare uwarta ko gwaggonta na kwance kusa, in yaro ya farka ita za ta fara ɗauka. Ba mu ce a zamanin nan babu masu wannan ciwo ba, akwai su, amma akwai idon da zai gan su da wuri. Yanzu fa? Yarinya an auro ta daga Bawku ko Yendi ko Yamai, ko kuwa uwarta na nan Aboabo amma ita ma tana da tebur a kasuwa, in ta rufe kwana arba'in wani ya gaje mata masu ciniki. Miji yana kan hanya kwana huɗu cikin bakwai. Gidan haya ne, ɗaki ɗaya, mutum talatin a tsakar gida amma kowa da abin da ya dame shi. Ran suna a cika gida har a rasa wurin zama, a yi anko, a yi liƙi. Kashegari sai ita da jariri da tulin wanke-wanke. Mun riƙe bikin, mun saki jegon. Matar ɗan albasa ran kwana goma da haihuwa ita ta ke wa kanta girki.

Akwai kuma wata al'ada tamu mai kyau wadda ke ɓoye wannan ciwo, watau kunyar ɗan fari. Mun saba mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane. Saboda haka in an ga maijego ba ta kula da jaririnta sai a yaba, a ce yarinyar nan akwai kara. Mai kunya in ta shiga ɗaki ita kaɗai ta kan rungume ɗanta ta yi masa rawa. Mai ciwo ko a ɗaki ba ta jin kome, wannan rashin jin kuwa shi ke cin ta, ba ta iya gaya wa kowa don kada a ce ba ta gode wa Allah ba. Tsofaffin mata su suka fi kowa iya rarrabe waɗannan biyu, in sun sa ido.

Zancen godiya ya kawo mu ga malamai, Allah ya ƙara musu daraja. Addu'a ba mu da abin da ya fi ta, a ci gaba da yi. Abin da mu ke roƙo shi ne a bar gaya wa irin waɗannan mata wai rashin tawakkali ke damunsu. Duk wanda ya karanta Suratu Maryam ya san halin da Nana Maryamu ta shiga sa'ad da naƙuda ta kai ta gindin dabino, har ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata ba. Lallashinta aka yi, aka nuna mata abin ci da abin sha. In haka ta kasance ga zaɓaɓɓiya cikin mata, ina ga 'yar shekara goma sha tara a ɗakin haya? Malamin da ya yi tofi sa'an nan ya ce wa miji ya kai ta a duba ta, ya yi aiki biyu.

Yanzu sai gargaɗi, don abin gargajiya ma yana da inda ya ke cutarwa. In ƙafar maijego guda ta kumbura tana zafi, musamman sha-raɓa, kada a tausa ta ko kaɗan. Mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, matsawa na iya tura shi zuwa huhu, wannan kuwa kisa ya ke yi. Wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa, kada a danna mata ciki sai ɗinki ya warke likita ya yarda. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda jiki ke iya ɗauka, mun sha ganin bayan da ya saluɓe da sunan gashi. Kunun kanwa kuma a yi hattara. Cikin shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta labarin ciwon zuciya mai kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da yawan kanwa da wanka mai tsananin zafi da kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Nijeriya bai ɗora laifin duka a kan al'adar ba, ya fi nuna rama da talauci da hawan jini na lokacin ciki. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, wadda aka ce tana da hawan jini ta nisance ta. Maijego mai haki in ta ɗan motsa, wadda ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, ƙafafu sun kumbura, wannan ba baƙin ciki ba ne, ba kuwa aikin tausa ba ne. A kai ta asibiti.

Kwalaben tasha kuwa ba mu da abin cewa sai a bar su. Ba a san abin da ke ciki ba, abin da uwa ta sha kuma yana iya bin nono. Har wa yau akwai wani ganye na Turai da 'yan'uwa kan aiko daga Jamus ko Ingila cikin ƙwayoyi, wai shi St John's wort, a ce na kwantar da hankali ne. Yana karya ƙarfin magunguna da dama, har da na tazarar haihuwa, in kuma aka haɗa shi da maganin asibiti na baƙin ciki ya kan jawo lahani. Wadda ke sha ta gaya wa likita.

Mun san abin da ke hana mutanenmu zuwa asibiti da wannan magana. Tsoro ne kada a ce matar wane ta haukace, a ce an kai ta Pantang ko Ankaful. Ku kwantar da hankalinku. Tun da aka yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, manufar ƙasar nan ita ce a riƙa duba irin waɗannan ciwace-ciwace kusa da gida. Asibitocin gunduma suna da nas-nas na wannan fanni, asibitin Komfo Anokye kuma yana da sashe guda. Mafi sauƙi, ran da aka kai yaro awo, uwar ko mai rakiyarta ta ja nas gefe ta gaya mata. Akwai wasu tambayoyi guda 10 da likitocin Edinbara suka tsara a 1987, ana amfani da su ko irinsu a ƙasashe da yawa, cikin minti biyar a ke amsa su. Ya kamata kuma a auna jininta, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su kan kawo kasala mai kama da wannan.

Magani iri biyu ne. Akwai na zama a yi magana, mako mako, da wanda aka koya wa aikin. Kada a raina shi. A ƙauyukan Pakistan an koya wa mata ma'aikatan lafiya na unguwa wannan hanya, da aka buga sakamakon a 2008 sai aka ga yawan masu ciwon cikin waɗanda aka ziyarta bai kai rabin na sauran ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi littafin koyarwa a 2015. In ciwon ya yi nauyi akwai ƙwayoyi, cikinsu akwai waɗanda a ke ba mai shayarwa ba sai ta yaye ba. Ba su aiki ran da aka fara, sai an yi mako biyu zuwa huɗu, ba a kuma yanke su don an ji sauƙi sai da izinin likita. A nan mutanenmu ke faɗuwa, a sha kwana biyar a ce ba ya yi, a koma tasha.

Wanda ke ganin abin na mata ne, zai wuce, to, ga abin da aka gani a ƙasar nan tamu. A yankin Kintampo an bi mata fiye da 16,000 da jariransu, aka buga sakamakon a 2015. Jariran da iyayensu mata ke da wannan ciwo, haɗarin mutuwarsu kafin wata shida ya kusa ninki uku na sauran. Dalili a fili ya ke: uwar da ba ta iya tashi ba ta lura da zazzaɓi da wuri, nono ba ya samuwa yadda ya kamata, awo ya kan wuce ta. Ita kanta uwar ma tana cikin haɗari. In maijego ta ce ta gaji da duniya, ko ta ce gara ba ta, kada a ce shagwaɓa ce, kada kuma a rufe ta da faɗa. A zauna da ita, a kawar da magunguna da abin yanka, a kai ta a ranar. A da dokar ƙasar nan na hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, amma majalisa ta soke wannan a 2023, babu sauran tsoron 'yan sanda.

Amsar da muka ba ɗan albasa ke nan, a taƙaice. Muka ce kada ya sallami tsohuwa, ta ci gaba da zuwa sau biyu a mako. Kwalba a zubar. Ya fasa tafiya guda ya kai matarsa asibiti da kansa, ya shiga tare da ita, don ita kaɗai za ta ce lafiya lau. Ya kuma aika wa surukarsa kuɗin mota, da abin da zai toshe mata asarar kasuwa, ta zo ta kwana da 'yarta. Ya ɗan yi jim a kan wannan, ya ce ana tsakiyar kakar albasa. Muka ce masa ya lissafa abin da ya riga ya kashe. Ya yi. An ɗora ta kan magani, uwarta ta yi wata guda da rabi. Ba za mu ce ta warke sarai ba, har yanzu tana da ranakun da ba su da daɗi, amma tana ci tana barci, ran Jumma'ar da ta wuce kuma ita ta goyo yaron da kanta ta kawo shi gaisuwa.

Saura abin da ƙungiya za ta iya. In an yi mutuwa a Zango muna da tsari, kowa ya san wanda zai haƙa, wanda zai kawo likkafani, wanda zai zauna da masu makoki. Muna ba da shawara a yi wa jego irin wannan. Magajiya da matan ƙungiya su riƙe sunayen masu jegon da ba su da uwa ko gwaggo a kusa, a raba kwanaki, kowace rana cikin arba'in wata ta leƙa, ta ɗauki yaro sa'a biyu uwar ta yi barci. Kuɗin itace da man kaɗe da ɗan abin da za a ba tsofaffi masu tausa ya fito daga asusu, ba zai kai abin da mu ke kashewa a hayar rumfa da kujeru ran suna guda ba. Za mu kawo maganar a taro mai zuwa, muna roƙon masu gida su bar matansu su zo, su ma su zo. Zancen haya sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.